Ra'ayi: Kafin ka zuba kuɗinka a katanga, ka yi tunanin shinge mai rai

A watan Agustan da ya wuce, ruwan sama ya kwana yana zuba a unguwarmu da ke Kakuri. Wajen asuba muka ji wata ƙara kamar tifa ta juye dutse. Da gari ya waye, sai ga katangar da ta raba gidan da nake haya da na maƙwabcinmu a kwance, bulo ya tarwatse har bakin rijiya.

Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Amma a gindin katangar nan ne yaran gidanmu ke zama da safe suna shan koko. Da ta jinkirta awa biyu, da wani labarin nake rubutawa yau.

Ranar ce karon farko cikin shekara huɗu da na ga tsakar gidan maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin masaƙa. Ya tsaya yana kallon ɓaraguzan, sannan ya ce da ni: “Ɗana, lokacin da na tare a nan babu katanga. Lalle ne da aduruku suka raba mu da gidanku. Sun fi shekara ashirin a wurin, ba su taɓa faɗo wa kowa ba.”

Na ce, “To Baba, me ya sa aka sare su?”

Ya yi shiru, can ya ce, “Tsoro.”

Tun daga ranar nake bin unguwanninmu na kudancin kogin Kaduna da wani ido. Abin da na gani ya sa na yarda cewa gidaje da makarantu da yawa a nan za su fi amfana da shingen itatuwa masu ganye rani da damina, ko shi kaɗai, ko a haɗa shi da gajeriyar katanga. Yanzu da damina ke ƙaratowa shi ne lokacin yin wannan magana.

Yadda muka shige bayan bulo

Masana'antu ne suka raya wannan ɓangare na gari. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai ta biyo baya a 1980. Jama'a suka taho daga ko'ina cikin ƙasar nan neman abinci, suka zauna a Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa da Television. Dattawan da suka ga zamanin za su gaya maka cewa gidajen ma'aikata da yawa shingen fure ko ɗan darni ne ya kewaye su.

Sai fashi da makami ya yi yawa. Sai rikicin watan Fabrairun 2000, sai na Nuwamban 2002. Mutane suka yi ta ƙaura, wasu suka haye kogi zuwa arewa, wasu suka hayo kudu. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, idan ya samu fuloti, abin da zai fara ginawa katanga ce. Aka ƙara mata tsawo, aka dasa mata fasassun kwalabe, aka ɗora waya mai ƙaya, mai hali ya sa ta lantarki. Da satar mutane ta addabi gefen gari a yankin Chikun, sai abin ya ƙara ƙamari.

Ban ga laifin kowa ba. Amma ya kamata mu zauna mu yi lissafin abin da katangar ke ci mana.

Na farko kuɗi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, kewayensa ƙafa 300 ne. Idan za ka tayar da katanga mai tsawon ƙafa takwas, za ka ci bulo sama da 2,000, ban da yashi, tsakuwa, rodi da kuɗin birkila da leburori. Kowa ya tuna yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Shi ya sa idan ka bi ta Kamazou, Mahuta ko Gonin Gora za ka ga fulotai an kewaye su tsaf, a ciki kuwa ginin bai wuce linta ba. Katanga ta cinye kuɗin ɗaki. Wasu kuma don rage kashe kuɗi sai a yi harsashi sama-sama, a rage ginshiƙai, a sayi bulon da yashi ya fi siminti yawa. Irinsu ne ke faɗuwa a watan Agusta.

Na biyu zafi. A watannin Maris da Afrilu, bulo na yini yana shan rana, da dare ya amayar da zafin cikin gida. Ga shi ya tare iska. Idan aka ɗauke wuta, sai ka ga mutane sun fito tsakar gida da tabarma suna fifita, iskar kuwa ta tsaya a bayan katanga.

Na uku ruwa. Katanga ba ta barin ruwan sama ya wuce. Idan kowa ya toshe nasa, sai ruwan ya taru a layi, ya nemi gidan da ya fi kwari. Mazauna unguwannin da ke kusa da kogi sun san wannan darasi.

Na huɗu ido. Ɓarawon da ya riga ya dira cikin gida mai doguwar katanga ya samu rufin asiri, domin ba maƙwabcin da zai hango shi.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Wasu za su ce shingen itatuwa ai ƙawar Turawa ce. Duk wanda ya tashi a karkara ya san ba haka ba ne. A ƙasar Katsina, Daura da Sakkwato, aguwa ake jerawa a kan iyakar gona da burtali don kada shanu su shiga. Bini-da-zugu da dashi ma haka, reshe kawai ake sara a kafa ya kama. A tsaunukan Filato da wasu ƙauyukan kudancin jihar nan, ƙerana ce ke kewaye gida da gona, ta yi kauri har mutum ba ya iya ratsa ta. A kwarin Majiya da ke Jamhuriyar Nijar, tun 1975 aka fara jera layukan dogon-yaro don kare gonaki daga iska.

Kaduna ma ta fi waɗannan wurare na arewa sa'a. Ruwan da muke samu a shekara ya haura milimita 1,000, kusan ninki biyu na abin da ke sauka a Sakkwato. Ƙasar da ke fitar da mangwaro da malaina ba tare da an sha wuya ba, shinge ba zai gagare ta ba.

Wanne za ka zaɓa?

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Sai mutum ya sayi abin da ya ba shi sha'awa a watan Yuli, Janairu na zuwa ya ga tsirarun sanduna. Idan sutura kake nema, dole ka nemi iccen da ba ya kaɗe ganye da hunturu.

Aguwa, dashi da bini-da-zugu duk suna zubar da ganye da rani. Sun dace da gona ko fulotin da ba a gina ba, domin awaki ba su damu da aguwa da bini-da-zugu ba, kuma kusan kyauta ake samunsu. Amma ba za su rufe maka tsakar gida ba. Sannan 'ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yaron da ya ci, ƙerana kuma farin ruwan da ke fita daga jikinta na iya lahanta ido. Gidan da ke da ƙananan yara ya yi nesa da su.

Ga waɗanda suka fi dacewa da gida a cikin gari.

Lemun tsami: a ganina shi ne kan gaba. Ganyensa na nan duk shekara, yana da ƙaya, idan aka dasa shi kusa-kusa ana datse shi yakan haɗe. Bayan 'yan shekaru kuma ga lemun kunu da na shayi. Sai dai yana son ruwa a raninsa na farko da na biyu, kuma awaki na cin ganyensa yana ƙarami.

Lalle: yana jure fari, yana riƙe ganye matuƙar ana ɗan ba shi ruwa, rassansa idan sun tsufa sukan yi tsini. Matan gida kuma sun san amfanin ganyen da aka aske.

Duranta, wanda masu sayar da furanni ke kira yalo-bush: shi ne wannan mai ganye ruwan ɗorawa da ake gani a gaban bankuna da otal-otal. Yana da saurin girma da saurin haɗewa, ga arha. Aibinsa biyu: yana son aski a kai a kai da damina, kuma ƙananan 'ya'yansa masu launin lemo guba ne. Yawan aski na rage fitarsu.

Bogenbiliya, furen nan mai ƙaya da ke yin ja ko shunayya a tsakiyar rani: babu kamarsa wajen jure ƙishi, kuma wanda ya taɓa yunƙurin ratsa shi ba zai sake ba. Yana bukatar waya ko gajeriyar katanga da zai hau.

Aduruku: sanda ake kafawa ta yi saiwa. Yana miƙewa sak, ba ya cin wuri, don haka yana zama ginshiƙi mai rai da za a ɗaura wa waya ko zana.

Maskwaret, dogon siririn iccen nan mai ganye a sunkuye: shi ne maganin mai bene da ke hango tsakar gidanka. A haɗa shi da wani gajeren shinge a ƙasa.

Shuwaka kuwa ba za ta hana kowa shiga ba, amma tana da kyau wajen raba ɗan lambun bayan gida da tsakar gida, ga miya.

Abin da za a guje wa kusa da gini shi ne manyan itatuwa irin su cediya, durumi da malaina. Saiwoyinsu na fasa daɓe, su shiga sokawe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa su ne masu tsaga bangon.

Yadda ake dasawa

Jira ruwa ya zauna, wato ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Dashen da ya samu wata huɗu yana shan ruwan sama zai shiga rani da ƙarfinsa. Wanda ya bari sai Satumba ya ɗaukar wa kansa jarka. Aguwa ce kawai ake kafawa gab da faɗuwar damina, tun ƙasa na bushe, domin yawan ruwa na ruɓar da reshenta kafin ya kama.

A haƙa dogon rami mai faɗi da zurfin kamar ƙafa ɗaya da rabi a tsawon iyakar. Ƙasarmu a wurare da yawa ja ce mai tsakuwa, sabbin fulotai kuma cike suke da guntayen bulo da busasshen siminti. A kwashe su. A cuɗa ƙasar sama da takin shanu ko na kaji wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Tazara ta danganta da icce. Duranta da lalle, ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu. Lemun tsami, kamar ƙafa uku. Maskwaret, huɗu zuwa biyar. Idan ka ɗauki ƙafa biyu, fuloti mai kewayen ƙafa 300 zai ci dashe kusan 150. Mai son shinge mai kauri sai ya yi layi biyu, kowane dashe na layin baya ya fuskanci giɓin da ke layin gaba.

Wajen saye, kada tsawo ya ruɗe ka. Ƙaramin dashe mai rassa tun daga ƙasa ya fi dogo siriri. Ɗaga baƙar ledar ka duba: idan saiwa ta huda ta ta yi kauri a waje, ya daɗe a wurin, zai sha wuya kafin ya kama. A cire ledar kafin a binne, a dasa da yamma, a ba shi ruwa nan take.

Sai babban sirrin, wanda masu gida ke jin tausayin aikatawa: a datse kan dashen tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan aka bar shi ya yi ta miƙewa, sama za ta cika, ƙasa ta zama ƙofar kaji da karnuka. Idan ya girma kuma, a riƙa askinsa ƙasa ta fi sama faɗi, don rana ta samu ganyen ƙasa.

Da ruwa ya ɗauke, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don danshi ya daɗe, amma kada ya taɓa jikin iccen saboda gara. Ruwan wanke shinkafa, kayan miya da ɗauraya duk ya isa ban-ruwa. Wanda ke da bilic ko omo mai yawa, a zubar da shi wani wuri.

Tambayoyin da ba zan kauce musu ba

Tsaro fa? Gaskiya ɗaya ce, shinge ba zai tare mai bindiga ba. Amma katanga ma ba ta tare shi. A watan Maris na 2021, katanga aka fasa aka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, aka tafi da ɗalibai 39. Abin da ke kare unguwa shi ne jami'an tsaro da ke zuwa a kan lokaci, fitila, 'yan sintiri da maƙwabtan da suka san juna. Ɓarawon tukunya da janareta kuwa, haura bulo ya fi masa sauƙi a kan kutsawa cikin ƙayar lemun tsami. Duk da haka, wanda gidansa ke bakin daji a Maraban Rido ko Juji, ba zan ce ya rushe katangarsa ba. Ya dasa mai ƙaya a jikinta, ya samu biyu.

Macizai da sauro fa? Maciji ɓera da ƙazanta yake bi. Shingen da ake askewa, ana share gindinsa, bai kai tarin bulo da tsofaffin tayoyin da muke jibgewa a bayan gida haɗari ba. Sauro kuma a cikin kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa. Yakan fake a ganye mai duhu da rana, shi ya sa ba a son shinge ya manne da taga.

Awaki fa? Wannan matsala ce ta gaske. Shekara biyun farko sai an kare dashe da ragar waya ko zana. Daga baya shingen zai haɗiye wayar, ya ƙara ƙarfi.

Suturar iyali fa? Shinge na ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ya rufe ido. Gidan da ke bukatar sutura yau sai ya fara da zana ko kwano, shinge na tasowa a bayansa. Mai ɗan hali kuma ya yi katanga iya ƙugu mai harsashi mai kyau, ya bar mata kafofin ruwa, ganye ya ƙarasa sauran tsawon.

Kuma shinge na son kulawa. Wanda ya san ba zai iya riƙe almakashi ko biyan mai aski sau uku ko huɗu a damina ba, ya zaɓi mai jinkirin girma.

Kada shinge ya zama sanadin shari'a

Icce na faɗaɗa, iyaka kuwa ba ta motsi. Kafin ka haƙa rami, nemo alamar simintin da safiyo ya kafa, ka ja baya kamar ƙafa biyu cikin filinka. Kada ka tone alamar, kada ka bari saiwa ta ture ta. Takardar fili da alamar safiyo su ne hujja a KADGIS da kotu.

Sannan ka yi sallama da maƙwabci. Ku yarda a kan tsawon da ba za a wuce ba, da wanda zai aske ɓangaren da ya leƙa gidansa. A Ingila, rigimar dogayen shingaye tsakanin maƙwabta ta yi yawa har aka sa ta cikin doka a 2003, inda mutum zai iya kai ƙara ƙaramar hukuma idan shingen maƙwabci mai ganye duk shekara ya haura mita biyu yana tare masa haske. Mu ba mu bukatar kaiwa can, gaisuwa da shawara sun isa.

Ta gefen titi kuma, kada ka ci hanya ko magudanar ruwa, kada ka dasa dogon icce a ƙarƙashin wayar lantarki. Mai gidan kwana ya rage tsawon shingensa don direba da ɗan acaɓa su hango juna. Tambayar KASUPDA tazarar da ake bari ta fi zuwan jan fenti.

Ga hukumomi da shugabannin unguwa

Akwai makarantun firamare, ƙananan asibitoci da maƙabartu a unguwanninmu da ke tsaye babu kariya, ana ta cin filinsu kaɗan-kaɗan, ana jiran ranar da za a ba da kwangilar katanga. Kafin ranar ta zo, ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya kewaye makaranta da aduruku da lalle a damina ɗaya, a ba kowane aji ɓangaren da zai kula da shi. Ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun za su iya raba irin waɗannan dashe, maimakon bikin dashen itatuwa na yini guda da ba a komawa a duba. Masu ba da izinin gini kuma su riƙa ƙarfafa gajeriyar katanga da shinge a sabbin unguwanni.

Mu dai a gidanmu, bayan wata takwas ana tare wurin da tsohon kwano, mai gidanmu da Baba sun zauna sun yi magana. Za a yi jeri huɗu na bulo da harsashi mai kyau, kowa ya kawo rabin kuɗi. A bayansa za a jera lemun tsami. Baba ya riga ya shuka iri a ledojin fiya-wata sun fi hamsin, yana ba su ruwa safe da yamma. Ya ce da ni, “Ɗana, ni ban sani ba ko zan sha lemun. Amma ku tabbata kun datse kansu.”

Mun sa rana a watan Yuni, idan Allah Ya kai mu. Ni ne mai haƙa ramin.